Shawarwari ga akawun kotun ƙabila a ƙauyukan Alaska

A wata tattaunawa kan aikin akawun kotun ƙabila a jihar Alaska ta Amurka, abin da aka fi nanatawa shi ne sammaci. Ƙauyukan Alaska da yawa ba hanyar mota, sai ƙaramin jirgin sama. In hazo ya hana shi sauka, takarda ta maƙale. Don haka a aika da wuri, a tanadi zama ta wayar tarho.

An daɗe kan shari'ar riƙon yara, wadda dokar ICWA ta 1978 (dokar Amurka ta kare yaran ƙabilun asali) ta ba ƙabila ta cewa a cikinta. Ƙauye ƙarami ne, alƙali kan zama kawun uwar yaron. Akawu ya bincika dangantaka tun kafin zama, in akwai ta, ya nemo wani dattijon a madadin alƙalin. Fayil kuwa ya kwana cikin akwati mai kwaɗo, ko ƙanwarsa kada ta gani.