An haɗa injin Beetle, tiyo uku sun rage a hannuna

Mai_Kunkuru: Assalamu alaikum. An sauke injin Volkswagen Beetle ɗina mai cc 1600, an sa sabon fistin da ringi. Kafireta Solex 34 PICT-3 ce, gwangwanin dilko (wanda zuƙar iskar kafireta ke ja don sauya taimin, wato lokacin tashin wuta) kuma baki biyu gare shi. Ban ɗauki hoto ba kafin a kwance. Yanzu ga siraran tiyo biyu da wani mai kauri a hannuna. Wanne ke zuwa ina? Ko in toshe su duka in huta?

Sarkin_Sifana: Wa alaikumus salam. Cire dilkon nan ka sa dilko 009 marar gwangwani, ba ya buƙatar tiyo ko ɗaya.

Baba_Injiniya: Kada ka soma. Da 009 a kan kafiretar nan, kana taka totur motar za ta yi kamar ta shaƙe kafin ta ɗauka. Mai kaurin na numfashin inji ne, daga wuyan da ake zuba baƙin mai ya tashi zuwa matatar iska. Siraran kuwa, bakin gwangwanin na waje, mai ƙara taimin, yana zuwa ƙaramin bututun hagun kafireta. Ɗayan, mai rage taimin a silo, wato in inji na aiki ba a taka totur ba, yana zuwa bututun da ke kallon bayan mota. Taimin ɗinsa digiri 5 bayan fistin ya kai ƙoli, tiyon suna haɗe.

Sarkin_Sifana: Baba, 7.5 ne kafin ƙoli, kuma a cire tiyo.

Baba_Injiniya: Wannan na dilko mai baki ɗaya ne, yaro. Karanta tambayar.

Abu_Hanifa: Mai_Kunkuru, don Allah duk abin da za ka toshe, ban da mai kaurin nan. Wani bakanike ya cusa wa nawa kusa ya ɗaure da waya, wai yana jiƙa matatar iska da mai. Sati uku baƙin mai ya fara feshi ta bayan fuli. Na koma, ya ce sil ne. Aka sake sauke injin da na yi wata biyar ina tara kuɗinsa. Ya sake zuba, wannan karon har kulochi ya jiƙe. Ashe iskar da ke kuɓuce wa ringi ce ta rasa mafita, sabon ringi kuma bai gama zama ba, sai ta tura mai ta duk inda ta samu. Har yau mutumin bai ce mini yi haƙuri ba. Gaisuwa ma mun daina.

Ɗan_Gayu: Kai ma a toshe maka hanci a ga ta ina za ka fitar 😂

Abu_Hanifa: Ba abin dariya ba ne, Malam.

Sarkin_Sifana: Shekara ashirin ina gyara, ban taɓa buɗe littafi ba. Masu karatun intanet ne ke rikita mutane.

Baba_Injiniya: To ina amfanin lanƙwasasshen bututun ƙarfen da ke kan tiyon da ke haɗa kafireta da gwangwanin dilko? Irinku ke jefar da shi. Shi ke hana fetur gangarawa ya cinye robar cikin gwangwani.

Mai_Kunkuru: Baba, ni ban ga wani ƙarfe a kayan da aka dawo mini da su ba. Dole ne sai da shi?

Ummu_Salma: Ni tiyon kansu ne damuwata. Na mahaifina sun shekara da shekaru. Sababbin da na sa a motarsa ko shekara ba su yi ba suka tsattsage, har da na fetur, ga shi a saman inji mai zafi yake.

Abu_Hanifa: Hajiya, duba bakin tagullan da fetur ke shiga kafireta ma. Yakan zare, kuma dilko na nan ƙasansa yana tartsatsi.

Ɗan_Gayu: Robar ce ta lalace ko fetur ɗin yanzu ne ke cinta?

Sarkin_Sifana: Robar ce. Mai saƙar zare a baya ita ce ta gaske.

Ummu_Salma: Ai mai zaren ce ta yaudare ni. Zaren lafiya lau, ciki ya ruɓe, sai wari na ji.