Shin alƙali zai karɓi tsohon shafin intanet da aka adana a matsayin hujja kan wanda ya fara rubuta manhaja?

Ɗalibar shari'a, unguwar Birni:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina neman a haska mini wata matsala da ta shafi kawuna. A shekarun da gidajen siber suka fara yawa a nan Damagaram, shi ma ya buɗe nasa, kuma ya rubuta wata ƙaramar manhaja da ke ƙidaya mintunan da kowane mutum ya yi a kan kwamfuta, ta fitar da kuɗin da zai biya. Daga baya ya ɗora ta a wani shafi na kyauta tare da bayanin yadda ake amfani da ita, domin masu sana'a irin tasa su sauke. Wannan shafi ya daɗe da mutuwa. Yanzu wani mutum yana sayar da manhaja mai kama da ita ƙwarai, yana cewa shi ne ya ƙirƙira, har ya aiko wa kawu da takarda yana neman ya daina raba tasa.

Na bincika rumbun Wayback Machine, wanda ke adana kwafin tsofaffin shafukan intanet, na tarar da kwafin shafin kawu na shekarun 2005 da 2006, da sunan manhajar da bayaninta. Tambayata ita ce: idan magana ta kai gaban alƙali, shin irin wannan kwafi yana tsayawa a matsayin hujja, kuma mene ne ainihin abin da yake iya tabbatarwa?

Mai gyaran kwamfuta, Zango:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ɓangaren hukunci na bar wa manya, zan tsaya kan yadda rumbun yake aiki, domin duk wanda zai dogara da shi a kotu ya kamata ya san inda ƙarfinsa ya tsaya.

Ƙungiyar Internet Archive da ke birnin San Francisco ce ke riƙe da shi. Brewster Kahle ya kafa ta a 1996, kuma a 2001 aka buɗe wa jama'a hanyar duba abin da aka tara. Ba mutane ne ke zama suna kwafar shafuka ba. Wasu manhajoji ne ke yawo daga mahaɗi zuwa mahaɗi, duk shafin da suka iske su ɗauke shi su ajiye tare da lokacin da suka ɗauka. Idan kika duba adireshin kwafin da kika samu za ki ga jerin lambobi 14, waɗanda suke nuna shekara da wata da rana da awa da minti da daƙiƙa, bisa agogon GMT, wanda agogonmu na Nijar ya fi shi da awa ɗaya. Wannan ranar ɗauka ce, kuma mai yiwuwa shafin ya shekara biyu a wurin kafin manhajar yawon ta biyo ta kansa. Saboda haka abin da kwafin 2005 yake cewa shi ne shafin bai gaza wannan rana a tsufa ba.

Akwai wani abu da ya fi wannan damuna. Idan rumbun zai nuna miki shafi, yana harhaɗa shi ne daga gutsattsarin da ya tara, kuma yakan faru rubutun ya kasance na 2005 amma hoton da ke cikinsa an ɗauke shi a wata shekara daban, domin rumbun yana ɗauko kwafin da ya fi kusa da ranar da aka nema. Lauyan da ya san aikinsa zai fara kai hari daga nan. Ki buɗe kowane hoto shi kaɗai, ki rubuta lambobinsa. Sannan ki danna mahaɗin da ake sauke manhajar ta cikinsa, ki ga ko an adana fayil ɗin kansa, domin sau da yawa shafin yana nan amma fayil ɗin bai shiga ba. Idan ya shiga, kin samu abin da ya fi shafin daraja nesa ba kusa ba. Ki sauke shi, ki sa a fitar da lambar tantancewarsa ta SHA-256, wadda take canzawa gaba ɗaya idan an taɓa ko harafi guda a cikin fayil ɗin.

Kuma kada ki jinkirta. Mai adireshi yana iya neman a ɓoye kwafin shafinsa, kuma a watan Oktoba na 2024 masu kutse sun sa rumbun ya rufe na kwanaki.

Tsohon magatakardan kotu, Sabon Gari:

Ɗiyata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa kawunki. Abin da ɗan'uwanki ya faɗa daidai ne, kuma daga nan zan ɗora.

Duk takardar da aka miƙa wa alƙali, tambayoyi biyu yake yi mata: shin ita ce abin da aka ce ita ce, kuma shin abin da ke cikinta gaskiya ne? Kwafin rumbu yana iya amsa ta farko idan an bi hanya, amma ta biyu ba aikinsa ba ne. Misalinsa kamar mai wucewa ne da ya ɗauki hoton wani shago a Kasuwar Dole: hoton zai nuna kayan da ke kan kanta a ranar, amma ba zai faɗi wanda ya ƙera kayan ba. Idan shafin ya ce kawunki ne ya rubuta manhajar, to kawunki ne ya faɗi haka da kansa, rumbun kuwa ya adana maganar ne kawai. Darajar kwafin tana cikin ranar da ke jikinsa, domin ya nuna an yi wannan ikirari a bainar jama'a tun kafin rigima ta taso, kuma wanda ya adana shi ba shi da ɓangare a cikin rigimar.

Kotunan Amurka sun fi kowa gogewa da wannan batu, kuma ba su taho da murya ɗaya ba. A 2004, a shari'ar gidan talabijin na Telewizja Polska da kamfanin EchoStar a jihar Illinois, an yi jayayya kan ko takardar rantsuwar wani ma'aikacin rumbun ta isa ta gaskata kwafin. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a shari'ar Gasperini, ta amince da irin waɗannan kwafi saboda ma'aikacin rumbun ya zo ya ba da shaida kan yadda ake adana su, ya kuma gwada su da abin da ke hannunsu. A 2022 kuma wata kotun ɗaukaka ƙarar, a shari'ar Weinhoffer, ta ƙi yarda alƙali ya ɗauki kwafin rumbun a matsayin abin da ba ya buƙatar shaida. Idan kika haɗa waɗannan za ki ga inda suka dosa: takardar da aka buga daga siber aka kawo a hannu ba ta da nauyi sai an samu mutum mai alhaki da ya tsaya a bayanta.

A tsarinmu, wanda muka gada daga Faransa, wannan mutum shi ne ma'aikacin shari'a mai rantsuwa da ake kira huissier. Shi zai zauna gaban kwamfuta, ya rubuta irin na'urar da ya yi amfani da ita da adireshinta da lokacin, ya share abin da ta riƙe na tsofaffin shafuka, ya bi mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da idonsa ya gani. A Faransa har ƙa'ida aka fitar a 2010 kan yadda ake irin wannan aiki a intanet. Sai dai ki lura, shaidarsa ta tsaya ne kan abin da rumbun yake nunawa yau. Bai kasance a wurin a 2005 ba. Duk da haka ina ba ki shawara ki fara da shi kafin komai, domin ko da kwafin ya ɓace gobe, rahotonsa yana nan.

Idan kuma wancan mutumin ɗan kasuwa ne, dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, wadda Nijar ke ciki) da aka sabunta a 2010 ta yarda a tabbatar da harkokin kasuwanci a kan 'yan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Wannan yana buɗe ƙofa, amma nauyin da za a ba hujjar yana hannun alƙali.

Malamin kwamfuta a jami'a:

Baba magatakarda ya gama magana kan hanya. Ni ina so in kawo wata shari'a da ta shafi ainihin manhajojin farkon intanet, domin tana nuna abin da ke tsayawa idan an matsa.

A watan Oktoba na 1994 Jami'ar Kalifoniya ta nemi takardar mallakar ƙirƙira kan dabarar da ke sa wata manhaja ta yi aiki a cikin shafin intanet, aka ba ta a 1998, kuma kamfanin Eolas na Michael Doyle ne ke riƙe da izinin amfani da ita. Eolas ya kai Microsoft ƙara, a 2003 aka yanke cewa a biya shi dala miliyan 521. Amma tun kafin a nemi waccan takarda, wani ɗalibi a jami'ar Berkeley mai suna Pei-Yuan Wei ya rubuta manhajar shiga shafuka mai suna ViolaWWW, kuma a watan Mayu na 1993 ya nuna ta ga wasu injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems. Alƙalin farko bai bari masu taya shi yanke hukunci su auna wannan hujja yadda Microsoft ya so ba, shi ya sa a 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da wannan ɓangare a sake dubawa. Microsoft ya sasanta a 2007, Eolas kuma ya juya kan wasu kamfanoni, ciki har da Google da Amazon da Yahoo. Sai a watan Fabrairu na 2012, a garin Tyler na jihar Texas, aka yanke cewa iƙirarin mallakar bai inganta ba, bayan Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, da Pei Wei kansa sun zo sun ba da shaida.

Abin lura a nan shi ne rumbun Wayback bai fara tara komai ba sai 1996, don haka ba shi da abin cewa kan 1993. Abin da ya yi aiki shi ne tsohon rubutun asali na manhajar da aka adana, da wasiƙun da masu ƙera ta suka yi musaya a lokacin, da mutanen da suka ga tana aiki da idonsu. Dalili kuwa a fili yake: shafi yana iya cewa manhaja tana yin kaza, amma alƙali yana so ya san ko da gaske ta yi, kuma wannan sai an kunna ta ko an karanta rubutunta. Ina jin ciwon yadda muke zubar da irin waɗannan kaya a garin nan. Tsofaffin kwamfutocin siber an sayar da su a matsayin ƙarfe, tare da duk abin da matasanmu suka rubuta a cikinsu.

Ɗalibar shari'a, unguwar Birni:

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da Yaya. Fayil ɗin manhajar bai shiga rumbun ba, amma kawu ya ce yana da tsofaffin faya-fayan CD da ya riƙa kwafar aikinsa a kai. Sai dai takardar da mutumin ya aiko tana cewa ya yi rajistar manhajar. Shin rajistarsa ba za ta rinjayi duk wannan ba?

Lauya, Yamai:

Ƙanwata, ki nemi ya nuna wace irin rajista ce. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a Afirka, mai hedikwata a Yawunde, wadda ke aiki da Yarjejeniyar Bangi ta 1977. A wannan tsari manhajar kwamfuta a karan kanta tana samun kariya ne ta haƙƙin mawallafi, kamar littafi, kuma wannan haƙƙi yana samuwa ne daga lokacin da aka rubuta aikin, ba tare da sharaɗin rajista ba. Idan ya ajiye kwafi a hukumar kula da haƙƙin mawallafa ta BNDA, abin da hakan ke nunawa shi ne aikin yana hannunsa a ranar da ya ajiye. Idan kuma sunan manhajar ya yi wa rajista a matsayin tambarin kasuwanci, wannan wata magana ce daban da ta shafi suna kawai. A duka biyun, kwafin 2005, idan ya riga rajistarsa, yana da amfani sosai.

Amma in ja hankalinki kan wani abu da ba a taɓo ba. Haƙƙin mawallafi yana kare rubutun manhajar ne, ba ya kare dabarar ƙidaya mintuna, kuma manhajojin siber masu wannan aiki suna da yawa a duniya tun kafin 2005. Kamannin fuska kaɗai ba zai nuna an kwafa ba. Don haka ki raba buƙatunku gida biyu. Idan abin da kawu yake so shi ne a bar shi ya ci gaba da raba tasa, kwafin rumbu da rahoton huissier da shaidar masu siber da suka yi amfani da ita a lokacin za su iya kai shi. Idan kuwa yana so ya ce an sace masa aiki, to sai an nemi kotu ta naɗa ƙwararre ya gwada rubutun manhajojin biyu layi da layi, ya nemi irin kurakurai da sunaye da bayanan gefe da ba za su zo iri ɗaya bisa katari ba.

Mai gyaran kwamfuta, Zango:

Game da faya-fayan, don Allah kada kowa ya sa su a kwamfuta yana gwadawa a gida. Faifan da ya kai shekara ashirin a zafin Damagaram yana iya karantuwa sau ɗaya ya ƙi na biyu. A kai su gaban huissier, a ɗauki cikakken kwafin kowane faifai a gabansa, a fitar da lambar tantancewa a rubuta cikin rahoto, sannan a rufe na asalin a ambulan mai hatimi. Ranar da ke jikin faifai ta fito ne daga agogon kwamfutar da ta rubuta shi, kuma ana iya juya agogo, shi ya sa za a haɗa ta da ranar rumbun: idan lambar sigar manhajar da girman fayil ɗin da shafin 2005 ya ambata sun yi daidai da abin da ke kan faifan, kowannensu ya ƙarfafa ɗayan. Ki duba ko shafin ya ambaci waɗannan biyun, ki sanar da mu.