Salansar da aka rubuta wa "domin filin tsere kawai": ko halal ne in sayar da ita a Maradi?

Mai shagon kayan moto, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. A cikin kayan da aka kawo mini makon jiya akwai salansar manyan babura guda shida, irin mai ƙara wadda samari ke so. Da ɗana ya karanta rubutun Turancin da ke jikin kwalin, sai ya ce an rubuta cewa domin filin tsere kawai aka ƙera ta, kuma haramun ne a sayar da ita ko a hau titi da ita a jihar Kalifoniya. Ina neman masana su fahimtar da ni abin da ya haɗa salansa da doka, da kuma ko wannan gargaɗi ya shafe mu a nan.

Malamin koyar da kanikanci, unguwar Zariya:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Asalin wannan rubutu dokar tsabtar iska ce ta Amurka ta 1970, wadda bayan gyare-gyaren da aka yi mata har zuwa 1990 ta hana cirewa ko lalata duk wata na'urar da kamfani ya sa wa abin hawa domin rage gubar hayaƙi, ta kuma hana ƙerawa da sayar da kayan da aikinsu shi ne kashe waɗannan na'urori. Kalifoniya ta fi sauran jihohi tsanani, domin a can kayan gyaran da ke taɓa hayaƙi sai hukumar kula da iska ta jihar, CARB, ta gwada shi ta ba shi lamba kafin a sayar. Kamfanin da bai nemi lambar ba sai ya fake da cewa kayansa na tsere ne, ko da ya san a kan titi za su ƙare. Dabarar ba kullum take fid da su ba: a 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 kan wasu na'urorin sauya saitin inji kimanin 340,000 da ya sayar da sunan tsere.

Dokar Amurka ba ta da iko a kasuwar Maradi. Amma rubutun ya gaya maka gaskiyar kayan, wato mai yiwuwa babu matatar hayaƙi a cikinta, kuma ba a gwada ta domin titi ba. Idan kana son ta Turai wadda aka amince da ita, duba jikin ƙarfen za ka ga harafin E da lambar ƙasa, 1 ta Jamus, 2 ta Faransa.

Bakanike, hanyar Ɗan Isa:
Malam ya yi bayani, sai dai a ganina salansa shida ba su ne damuwarmu ba. Damuwar ita ce motocin da ake farke wa matatar hayaƙi, wadda abokan aikinmu na Najeriya ke kira Indomie saboda cikinta ya yi kama da taliyar. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda ke mayar da iskar kabon monoksaid da sauran guba su zama marasa illa sosai, kuma saboda su ne ake sayenta. Sau da yawa mota takan iso hannun mai ita an riga an ƙwaƙule ta an mayar da gwangwanin an yi walda, shi kuwa bai sani ba sai fitilar gargaɗi ta kama, ko warin hayaƙi ya dame shi.

Game da babur kuma, Alhaji, ka gaya wa mai saye cewa idan ya sa buɗaɗɗiyar salansa bai gyara kafireto ba, iska za ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi fiye da kima, a zafin ranar Maradi kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ya gyara, shan mai ya ƙaru. Ɗan kabu-kabu mai lissafi ba zai saya ba.

Mai fiton motoci, Ali Ɗan Sofo:
Ina so in ƙara da abin da ya shafi yankinmu. A watan Fabrairun 2020 ministocin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, sun zauna a Wagadugu sun amince cewa daga Janairun 2021 motocin da za a shigo da su su kai matakin Euro 4, wato ma'aunin Turai na iyakance gubar hayaƙi, kuma sinadarin salfa a cikin mai kada ya wuce kashi 50 cikin miliyan. An haɗa biyun ne domin mai mai yawan salfa yana raunana matatar, kamar yadda fetur mai dalma yake kashe ta kafin a daina sayar da shi a Afirka kudu da Sahara a farkon 2006. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, amma muna da tamu doka mai lamba 98-56 ta 29 ga Disambar 1998 kan kula da muhalli, wadda ta ƙunshi kare iska daga gurɓata.

Mai shagon kayan moto, Sabon Gari:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na haska cikinsu da tocila kamar yadda wani ya ba ni shawara, duka shidan fayau suke daga baki har ƙarshe, kuma babu harafin E a jikin ko ɗaya. Biyu an riga an ba da kafin alƙalami a kansu, sauran huɗun zan mayar wa wanda ya kawo.