Ɗaukewar al'ada da wuri: ina batun zuciya?

Maman Ummi: Salamu alaikum 'yan uwa. Macen da aka cire wa mahaifa saboda ƙari tana da shekara 41, wai gaskiya ne zuciyarta na cikin haɗari?

Anti Nas: Wa alaikumus salam. Maman Ummi, a fara duba takardar tiyatar, ko a tambayi likitan kai tsaye: an bar gidajen ƙwai biyun ko an cire su? In mahaifa kaɗai aka cire, jini ne ya ɗauke, amma sinadarin estirojin, wanda gidajen ƙwai ke samarwa, na ci gaba da fita. In an cire gidajen ƙwan duka biyu, rana ɗaya sinadarin yake yankewa. Wannan ya fi nauyi ga jijiyoyin jini, domin a al'adar da ta ɗauke da kanta a hankali yake raguwa.

Hajiya Babba: Shekarun ma abin lura ne. Yawanci al'ada tana ɗaukewa tsakanin 45 da 55. Ƙasa da 45 ta yi wuri. Ƙasa da 40 kuwa, likitocin zuciya na Amurka sun sa ta cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, tare da hawan jinin ciki mai kai ga jijjiga.

Anti Nas: Haka ne Hajiya. Irin wannan mace, in ba ta da tarihin kansar nono, daskarewar jini ko shanyewar ɓarin jiki, akan mayar mata da estirojin har ta kai kusan shekara 51. Mai mahaifa dole a haɗa mata da wani sinadarin mai suna furojestaron, in ba haka ba bangon mahaifa ya yi kauri har ya iya rikiɗewa ya zama cutar kansa. Estirojin na mannawa a fata ya fi na haɗiya ƙarancin haɗarin daskarewar jini. Don Allah kada a saya a kemis ba da umarnin likita ba, musamman wadda ta haura 60.

Malama: Na ga an tsallake awo. Mugun kitsen jini da ake kira LDL yakan hau daidai lokacin ɗaukewar, ba tare da wata alama ba. A auna shi, da suga, da hawan jini. In hawan jinin ya kai 140/90 sau biyu a ranaku daban, a koma asibiti. Ƙugu ya wuce santimita 88, alamar kitsen ciki ce.

Hajiya Babba: Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali ɗaya, har da na dunƙule da na yaji. Tafiya da sauri minti 30, kwana 5 a mako.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Anti Nas, in takardar tiyatar ta ɓace fa?

Anti Nas: A yi hoton mara, a kuma auna FSH a jini, wato sinadarin da ke hawa in gidajen ƙwai sun daina aiki.