Neman shawara: wace na'urar GPS mai taswira ta dace da jirgi mai inji a Tafkin Kainji, kuma yaya ake dasa ta?

Mai Jirgi Yelwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai tsawon kimanin mita 7 da injin Yamaha mai ƙarfin doki 75, wanda ake tayarwa da makulli, kuma ina zirga-zirga da shi tsakanin Yelwan Yauri da ƙauyukan da ke gaɓar tafkin Kainji. Ina so in sa masa na'urar GPS mai nuna taswira a allo, domin idan hazon hunturu ya sauka mutum ba ya ganin gaɓa ko kaɗan, sannan yaron da ke tuƙa mini bai kai tsofaffin matuƙa sanin hanyar ruwan ba. Na ga sunayen Garmin da Lowrance da Raymarine a kasuwannin intanet, amma farashinsu ya sha bamban ƙwarai, kuma ban gane abin da ya raba mai arha da mai tsada ba. Tambayoyina su ne: wane girman allo ya isa, shin dole ne in sayi katin taswira daban, kuma mai gyaran lantarkin mota zai iya haɗa mini ita ko sai an nemo ƙwararre daga Legas? Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Jirage ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a kai ga maganar kamfani, ya kamata a raba abubuwa biyu da mutane ke haɗawa. Na'urar GPS tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam, aƙalla guda 4, ta lissafa inda jirginka yake a doron ƙasa, kuma kuskurenta a buɗaɗɗen ruwa ba ya wuce 'yan mitoci tun da Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula a watan Mayun 2000. Na'urorin yanzu da yawa suna haɗawa da wasu tsare-tsaren taurari irin na GPS, wato GLONASS ta Rasha da Galileo ta Turai, saboda haka a wannan fannin mai arha da mai tsada kusan ɗaya suke. Taswirar da ake ɗora wannan matsayi a kanta kuwa wani abu ne daban, kuma ingancinta ya dogara ne ga awon da aka taɓa yi wa ruwan. Katunan taswira na Navionics da C-MAP suna da amfani a gaɓar teku, kamar mashigar Legas da Bonny, inda manyan jirage ke shiga kuma ake auna zurfi. A ruwan cikin ƙasa irin Kainji kada ka biya kuɗin kati sai ka buɗe taswirar kamfanin a shafinsu, ka matso da yankin Yauri, ka ga da idonka ko akwai lambobin zurfi ko kuwa shuɗin fenti ne kawai.

Shawarata ita ce ka sayi na'urar da ta haɗa GPS da ma'aunin zurfi, wadda kuma take iya zana taswirar zurfi da kanta yayin da kake tafiya. Garmin suna kiran wannan aiki Quickdraw Contours, Lowrance suna da Genesis Live, Humminbird kuma AutoChart Live. A na Garmin layukan zurfin suna fitowa da tazarar kimanin santimita 30, ana adana su a ƙaramin katin microSD, kuma zanen ya fi inganci idan gudun jirgi bai kai kilomita 16 a awa ba. Ke nan za ka ware wasu ranaku ka bi hanyoyinka a hankali da rana tsaka, tare da tsohon matuƙin da ya san ruwan, na'urar tana zana zurfi tana kuma ajiye sawun da kuka bi, ku kuma kuna danna alama a kan kowane kututture da dutse da tudun yashi da ya nuna muku. Wannan taswira da kuka haɗa da hannunku ta fi duk wadda za ka saya amfani a wurinka.

Game da allo, inci 7 ya isa jirgi irin naka. Inci 5 yana yin kaɗan da zarar ka raba allon gida biyu, taswira a gefe zurfi a gefe, musamman idan jirgi yana tsalle a kan igiyar ruwa. Inci 9 ya fi daɗin kallo amma kuɗinsa yana tashi sosai. Ka fifita mai maɓallai, ko wadda ta haɗa maɓalli da allon taɓawa, domin jiƙaƙƙen hannu ba ya jituwa da allon taɓawa. Ka duba cewa an rubuta IPX7 a bayaninta, ma'ana tana jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 har minti 30. Kada ka ƙara kuɗi saboda mahaɗar NMEA 2000 da nufin ganin bayanan inji a allo, idan injinka tsoho ne mai kafireta, don irin waɗannan injuna ba sa fitar da wannan bayani. Idan kuma daga Amurka za a kawo maka ita, ka sani cewa taswirar da ke cikinta ta tafkunan Amurka ce, kuma wasu kamfanoni sukan taƙaita wasu ayyukan na'urar da aka ƙera don kasuwar can idan aka fita da ita daga yankin, don haka a tambayi mai sayarwa tun kafin a biya.

Yanzu maganar dasawa, wadda a nan ne akasarin matsaloli suke fitowa. Mai gyaran lantarkin mota da ya iya aikinsa zai iya, muddin zai bi littafin da ya zo da na'urar, ba zai ce ya saba ba. Wayoyin wuta biyu ne kawai, ja da baƙa. A kai su batir kai tsaye ko ta akwatin fiyus, a sa fiyus ɗin da kamfani ya ƙayyade, wanda yawanci mai amp 3 ne ga ƙananan na'urori, kusa da batir ɗin, domin aikinsa kare wayar daga kamawa da wuta. A yi amfani da wayar tagulla mai rufin kuza idan an samu, a rufe kowace mahaɗa da robar da ke tsukewa da zafi, don murɗa waya da naɗe ta da salatif ba ya daɗewa a cikin laima. Abin da za ka lura da shi shi ne, lokacin tayar da inji ƙarfin batir yana faɗuwa na ɗan lokaci, na'urar sai ta mutu ta sake tashi. Maganinsa shi ne a kunna ta bayan inji ya tashi, ko kuma, abin da ya fi, a ba ta ƙaramin batir nata na daban, tunda wutar da take ci ba ta da yawa. A nisanta allon daga kamfas gwargwadon tazarar da littafin ya faɗa, a kuma zauna a mazaunin matuƙi a gwada kallonsa cikin rana kafin a huda ko'ina.

Abin da ke aika sauti cikin ruwa ya karɓo amsarsa domin auna zurfi, wato tiransdusa, shi ya fi bukatar natsuwa. Ana ɗaure shi a bangon bayan jirgi, yawanci a ɓangaren dama, inda fukafukan farfela ke yin ƙasa, da tazarar aƙalla santimita 38 daga farfelar. Fuskarsa ta kasance a kwance daidai da saman ruwa, ta ɗan leƙo ƙasan cikin jirgin da 'yan milimitoci, kuma kada a sa shi bayan wani ƙusumbi ko layi da ke jikin ƙasan jirgi, domin kumfar da ke tasowa daga nan tana kashe karatun zurfi da zarar an ƙara gudu. Kowane ramin sukuru a cika shi da gam ɗin jiragen ruwa, saboda bangon baya na jiragen faiba da yawa katako ne a ciki, ruwa kuwa idan ya shige shi ruɓewa yake yi a ɓoye. Kada a yanke wayar tiransdusa idan ta yi tsawo da yawa, a naɗe ragowar, kuma kada a haɗa ta hanya ɗaya da wayoyin inji. A ƙarshe a shigar wa na'urar tazarar da ke tsakanin tiransdusa da ƙasan ƙafar inji, domin lambar da za ta riƙa nunawa ta zama ainihin ruwan da ya rage a ƙarƙashin farfela.

Ɗan Bussa ya amsa:

Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, amma akwai abin da nake so Alhaji ya riƙe game da wannan ruwa musamman. Kainji ba tafkin asali ba ne. Madatsar da aka kammala a 1968 ce ta tare kogin Neja, ruwa ya haɗiye tsohon garin Bussa da tsibirin Foge da gonaki da dazuzzuka, aka kwashe dubban mutane zuwa sababbin matsugunai irin su Sabuwar Bussa. Ba duk itatuwan yankin aka sare ba kafin ruwa ya hau, kuma kututturan da suka rage su ne babban abin tsoron matuƙa har yau. Ma'aunin zurfi ƙasa yake kallo, ba gaba ba. A zurfin mita 6, sautin da ke fita a kan mitar kilohaz 200 yana ganin da'irar da faɗinta kimanin mita 2 ne kawai a ƙarƙashin jirgi, alhali jirgin da ke gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Kafin kututture ya bayyana a allo, farfela ta riga ta same shi. Saboda haka na'urar tana amfani ne wajen komawa kan sawun da aka riga aka tabbatar, ba wajen buɗe sabuwar hanya da gudu ba.

Na biyu, ruwan yana hawa da sauka da kusan mita 10 a shekara. Farin ruwa na damina yana shigowa wajen Agusta zuwa Oktoba, baƙin ruwa kuma, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya ratso Mali, yana isowa a lokacin sanyi, sannan tafkin ya yi ta raguwa har zuwa tsakiyar damina ta gaba. Hanyar da Alhaji ya bi lafiya a watan Janairu tana iya zama fagen kututture a watan Yuli. Ina ba da shawarar a riƙa sa wa kowane sawu sunan watan da aka ɗauke shi, a kuma gyara ma'aunin matakin ruwa a cikin na'urar duk lokacin da za a ci gaba da zana zurfi, in ba haka ba layukan rani da na damina za su cakuɗe. Tarun masunta da kainuwar da ke yawo kuwa babu taswirar da za ta nuna su.

Mai Awon Filaye ya amsa:

Ni ba matuƙi ba ne, aikina awon ƙasa, amma ina da gudummawa guda. Na'urar GPS tana zuwa ne a kan tsarin awon WGS 84, tsofaffin taswirorin Najeriya na takarda kuwa an zana su ne a kan tsarin Minna. Idan aka kwafi lambobin wani wuri daga tsohuwar taswira aka shigar a na'ura ba tare da sauya tsarin ba, wurin zai gusa da gomman mitoci, wanda a kan tudu ba komai ba ne amma a mashigi mai ƙunci tsakanin duwatsu babban abu ne. Haka kuma a lura da yadda aka rubuta lambobin, domin digiri da minti daban yake da digiri mai ɗigo, kuma wayoyin hannu sun fi amfani da na biyun. Alhaji ya bar na'urarsa a kan WGS 84, kuma duk alamar da wani ya turo masa ya je ya tabbatar da ita da rana kafin ya dogara da ita.

Mai Jirgi Yelwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Wani abokina ya ce babbar wayar hannu da manhajar taswira za ta yi duk wannan aiki da kuɗi kaɗan. Mene ne ra'ayinku? Kuma idan na dasa na'urar, zan iya barin yaron ya riƙa dawowa bayan magariba?

Injiniyan Jirage ya amsa:

Alhaji, abokinka yana da rabin gaskiya. Waya tana karɓar GPS ko babu sabis, muddin an sauke taswirar tun daga gida, kuma tana ajiye sawu, don haka ta dace a riƙe ta a jakar da ruwa ba ya shiga a matsayin madadi. Sai dai ba ta auna zurfi ita kaɗai, allonta yana dusashewa a cikin rana, kuma idan zafi ya yi mata yawa takan rage haske ko ta kashe kanta, a daidai lokacin da ake bukatarta. Idan kuɗi ne matsalar, gara ka sayi ƙaramar na'ura irin jerin Striker na Garmin, waɗanda ba sa karɓar katin taswirar kamfani amma wasunsu suna zana zurfi suna ajiye alamomi, tunda dama katin ba lalle ya yi maka amfani a Kainji ba.

Maganar dare kuwa, amsata a'a ce. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana jigilar dare a ruwayen cikin ƙasa, kuma ko babu doka, allon ba ya nuna kwalekwalen masunci da ba shi da fitila, haskensa ma yana rage wa matuƙi ganin abin da ke gabansa. A cikin hazo da rana ma ka umarci yaron ya rage gudu, ya sa mutum ɗaya a goshin jirgi yana duba gaba, kowa da rigar ruwa a jikinsa. Bayan an gama dasawa, ku fita gwaji a ruwan da kuka sani, ku ƙara gudu sannu a hankali kuna kallon lambar zurfi; idan ta fara ɓacewa, a sauke tiransdusa ƙasa kaɗan ko a ɗan karkata bayansa ƙasa, a sake gwadawa. Duk ƙarshen wata kuma, idan na'urarka tana karɓar kati, ka kwafe alamomi da sawun zuwa wani katin daban ka ajiye shi a gida.