Yadda muka fahimci bambancin "a", "an" da "the" a Turanci

Malamar da ta buɗe zancen:
Assalamu alaikum. Ina shirya wa ɗalibaina darasi a kan waɗannan ƙananan kalmomi uku, kuma na lura cewa ƙa'idar littafi ba ta zama a kansu sai sun ci karo da ita a aikace. Ina roƙon 'yan'uwa kowa ya faɗa mana inda abin ya fito masa fili.

Wani ma'aikacin ofis:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni a wurin aiki na gane shi. Wani abokin aikinmu ya aika wasiƙa zuwa wata ma'aikata, ya rubuta "I have attached the report", sai aka dawo masa da tambayar wane rahoto yake nufi, domin ba a taɓa yin maganar wani rahoto da su ba. Shi ya san rahoton sarai tunda shi ya rubuta shi, amma "the" ba ta la'akari da abin da mai magana ya sani. Tana nuna cewa mai karatu ma zai iya gane wanne ake nufi. Da ya ce "a report" a farkon ambato, sannan ya koma "the report" a jimlolin da suka biyo baya, da babu wanda zai tambaye shi.

Wata mai aikin fassara:
Bayanin Malam ya yi daidai, kuma a ganina shi ne ginshiƙin darasin. Abin da zan ƙara daga aikina shi ne haɗarin auna Turanci da ma'aunin Hausa. Gaskiya ne "wani" da "wata" sukan yi aikin "a", kuma ɗafin da ke ƙarshen "yaron" ko "motar" yakan yi aikin "the", amma daidaiton ba ya zuwa ko'ina. Muna cewa "shi likita ne" ba tare da "wani" ba, alhali Turanci ya wajabta "he is a doctor". Haka kuma muna cewa "rana ta fito", su kuwa sai sun ce "the sun", saboda guda ɗaya ce kowa ya sani ko ba a ambace ta a baya ba. Inda na fi yin taka-tsantsan shi ne sunaye: "Niger" ƙasar Nijar ce, "the Niger" kuwa kogin Neja, don haka kalma ɗaya ta isa ta sauya ma'anar labari gaba ɗaya.

Wani malamin sakandare:
Ɗalibaina sun daina rikita "a" da "an" ne ranar da na sa suka rufe littattafai suka saurari furuci. Sauti ake bi, ba harafi ba, shi ya sa ake cewa "an hour" amma "a university". Abin da har yanzu yake damuna a takardunsu shi ne "an advice" da "an information". Asalin "a" da "an" kalmar "ɗaya" ce a tsohon Turanci, saboda haka ba sa shiga gaban abin da Turanci ba ya ƙirgawa. Sai dai a ce "a piece of advice".

Wata ɗaliba da ke karatu a Ingila:
A nan na ji ana cewa mara lafiya yana "in hospital", mutanen Amurka kuwa "in the hospital" suke cewa. Dukansu dai sun yarda ɗalibi yana tafiya "to school", uban da aka kira ganawa da malamai kuma "to the school".

Malamar da ta buɗe zancen:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara darasin da wasiƙar rahoton nan. Malama mai fassara, ko za ki ƙaro mana bayani a kan ƙasashe irin su "the Gambia" da "the Netherlands", domin na tabbata za su tambaye ni dalilin da ya sa "Ghana" ba ta ɗaukar "the".