Neman jagora da ɗan kuɗin gwaji don binciken taba da tiramol a fadodin Yamai

Ɗan Lazare:
Assalamu alaikum. Malamai da yayye, ina neman haske. Wanda ya gama karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni, yana son bin diddigin shan taba, shisha da tiramol a fadodin matasa (wuraren zamansu na hira) saboda rigakafin cutar kansa, wato ciwon daji, ta ina zai fara? Jagora zai nema tukuna ko kuɗi? In kuma an samu kamar miliyan 2 na sefa, me za su iya yi?

Hajiya Likita:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Jagora tukuna, don mai ba da kuɗi sunan wanda ya tsaya maka yake fara dubawa. Amma kada ka je wa farfesa hannu rabbana kana cewa ya zame maka uba. Rubuta shafi 2: tambaya guda, su wa za a tambaya, a wace unguwa, cikin wata nawa, da abin da kake so daga gare shi. Ka roƙi abu ƙarami, misali zaman minti 30 sau ɗaya a wata. A zaman farko ku daidaita a rubuce wa zai riƙe bayanan, kuma sunan wa zai zo farko in za a buga sakamako. Yawancin ɓacin rai tsakanin malami da ɗalibi daga nan yake tasowa, kunya ce ke hana a faɗa da wuri.

Jagora ɗaya ba ya isa. Nemi likitan ƙwaƙwalwa da ya san shaye-shaye, da wani mai ilimin ƙididdiga. Ka leƙa CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, da cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa, ka kuma gaida masu riƙe da rajistar kansa, wadda ake cikawa a Yamai tun 1992.

Malam Mai Lissafi:
Allah ya saka wa Hajiya. Ni kan kuɗin zan tsaya. Miliyan 2 ba za su gaya maka kashi nawa na matasan Yamai ke shan tiramol ba. Wannan tambayar tana son mutum 384 in kana son kuskure kada ya wuce kashi 5, kuma tun da fada-fada za ka bi, 'yan fada ɗaya kuwa halinsu kusan ɗaya ne, sai ka ninka, ya kai wajen 770. Aikin gwaji mutum 30 zuwa 50 ya isa, abin da yake amsawa daban ne: cikin goma nawa suka yarda, minti nawa hira take ci, wace tambaya ce ba a ganewa, nawa za ka sake samu bayan wata 3. Waɗannan alƙaluman su ne jarinka na neman babban tallafi.

Kada ka ƙirƙiri tambayoyi daga kanka. Ɗauki ASSIST, ma'aunin tantance shaye-shaye na Hukumar Lafiya ta Duniya, tambaya 8 ne, a juya shi Hausa da Zabarmanci, wani da bai ga na asali ba ya mai da shi Faransanci, a gwada inda ma'ana ta zame. Ma'aunin Fagerström, mai auna yadda taba ta kama mutum, don sigari aka yi shi, bai dace da shisha ba. Ka ƙara tambaya kan tabar da ake taunawa da kanwa, don mai ita yakan ce ba ya shan taba, alhali tana jawo kansar baki. Tiramol kuma ka tambayi ƙarfin ƙwayar: na asibiti miligiram 50 ko 100 ne, na kasuwa har 225 ko 250, iyakar magani kuwa 400 a yini. In za ka gwada fitsari, tsinken gwajin ƙwayoyin opiyom na yau da kullum ba ya kama tiramol, sai nasa na musamman. Na kotinin, mai nuna taba, kwana 3 zuwa 4 kawai yake gani.

Inna Tawa:
Ɗana, kada ka yi hira ko ɗaya kafin kwamitin ɗa'a na binciken lafiya na ƙasa ya ba ka takarda. In ba ita, mujallar kirki ba za ta karɓi aikin ba. Sa jiran cikin jadawali, sa kuɗin ajiye takardun cikin kasafi. Ka fara da masu shekara 18 zuwa sama, don yaro sai da yardar iyaye, shi kuwa ba zai so su sani ba. Lamba za ka ba kowa, ba suna ba, kuma a yi hira nesa da kunnen 'yan fada, tun da maganar ƙwaya tana iya kai mutum kaso. Tanadi inda za ka tura wanda ya ce yana son bari.

Ɗan Lazare:
Na gode ƙwarai. To ina ake neman irin wannan kuɗin?

Hajiya Likita:
Fara da ƙananan kiraye-kirayen ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka da na AUF, ƙungiyar jami'o'i masu aiki da Faransanci. CIRC, cibiyar binciken kansa ta duniya da ke Liyon a Faransa, tana horar da matasan masu binciken kansa, AORTIC kuma, ƙungiyar bincike da horo kan kansa ta Afirka, wurin haɗuwa da jagorori ce. Ka ajiye tarihin aikinka da shafi 2 ɗin nan a shirye cikin Faransanci da Ingilishi, don wa'adin kira gajere ne, ka kuma nemi wasiƙar jagora aƙalla mako 3 kafin a rufe.